Dinyar Masar a Hannun Fir'aunoni da Sarakunan Turai

Daga cikin tsuntsayen ruwan da Allah Ya baza a nahiyar Afirka, tun daga kwarin kogin Nilu har zuwa iyakar ƙasa ta kudu, akwai wata da ake kira dinyar Masar, wadda masu mulki suka fara ajiye ta a tafkunansu tun fiye da shekara 3000 da suka wuce, amma har yau ba ta miƙa wuya ta zama tsuntsuwar gida ba. Malamin nan Linnaeus ya rubuta ta cikin agwagi a shekarar 1766, sa'an nan malaman da suka zo bayansa, da suka tsananta bincike, suka mayar da ita cikin wani dangi da ke tsakanin agwagwa da dinya. Ba ta kai dinyar fadamunmu girma ba, don nauyinta bai cika wuce kilo 2 da ɗoriya ba. Jikinta ƙasa-ƙasa ne, ƙafafunta ja-ja, da tabo mai duhu a tsakiyar ƙirji, da wani kewaye da ido kamar wadda ta rambaɗa kwalli. In kuwa ta buɗe fiffike, sai fari tas ya bayyana, da kore mai sheƙi a bayansa.

Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, cikin jahiliyyarsu, sun jingina ta ga abin bautarsu Amun, wanda babban ɗakin tsafinsa ke Karnak, kusa da garin Luksor na yanzu. A can aka haƙa wani tafki a zamanin Fir'auna Tutmosis na Uku, tsawonsa wajen mita 120, aka ɗaure gefensa da duwatsu. Daga kudancinsa kuma aka gina wa tsuntsayen akurki, aka fitar da wani rufaffen lungu na dutse wanda ta cikinsa ake koro su zuwa ruwa. Mai hankali in ya dubi wannan lungu zai gane cewa masu hidimar wurin sun san halin abin da suke tsaro, domin da tsuntsaye ne masu bin mai su duk inda ya nufa, da ba a wahalar da magina ba. A zanen kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, na wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wanda yanzu ke gidan tarihi na Landan, ana ganin dinyar tsaye a goshin kwalekwale, maigidan yana farauta cikin ciyayin ruwa. Bayan wajen ƙarni tara kuma, marubucin tarihin nan Bayunane, Herodotus, ya lissafa ta cikin halittun da Misrawa ke tsarkakewa. Duk da wannan daraja, dinyar da ta wanzu a gidajen talakawa don nama da ƙwai wata ce dabam, mai launin toka, mai sauƙin kai.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar dinyar Masar. Namiji da mace sukan haɗu su zauna tare muddin rai, su keɓe wa kansu wani yanki na bakin ruwa, kuma duk tsuntsun da ya ƙetare musu iyaka a lokacin ƙwai, ko da ya fi su girma, sai sun far masa da baki da fiffike, macen tana ta kwarmato tana zuga mijin, shi kuwa ba ya iya komai da murya sai huci. Sheƙarsu ba ta da ƙa'ida guda: kogon itace, ko tsagin dutse, ko tsohuwar sheƙar wani babban tsuntsu a ƙololuwar bishiya. Macen takan saka ƙwai 5 zuwa 12, ta kwanta a kansu kwana 28 zuwa 30. Da 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sai ta sauka ta yi kira, su kuma su dirgo daga sama ɗaya bayan ɗaya, ba fiffike ba komai, su miƙe lafiya lau su bi ta ruwa. Ni dai ban san wata aya a cikin halittar tsuntsaye da ta fi wannan ratsa zuciya ba.

Saboda wannan faɗa nata ma'abota kiwonta suka gano, bayan asarar tsuntsaye masu yawa, cewa ba a tara ta garke a matsattsen wuri. Kowane miji da mata sai an ware musu shingensu, da kududdufi mai tsabta, da fili mai gajeriyar ciyawa, tun da kiwo take yi a tudu fiye da yadda take neman abinci cikin ruwa, sa'an nan a ƙara mata da alkama ko wani hatsi. Amma al'adar da aka daɗe a kanta ta datse ƙarshen ƙashin fiffike guda tun tana 'yar kwanaki, don kada ta taɓa tashi har abada, wannan a ganina zalunci ne wanda ƙawata lambu bai isa ya zama uzurinsa ba.

A ƙarni na 17 aka kai ta Ingila, ta zama abin ado a tafkunan sarakuna da manyan attajirai. Waɗanda aka bari da fiffikensu suka fice, suka kafa zuriya a lardin Norfolk, suka daɗe ba su yaɗu ba, domin sukan yi ƙwai tun hunturu bai wuce ba, sanyi ya hallaka 'ya'yan. Sai a 1971 aka shigar da ita cikin lissafin tsuntsayen dajin Birtaniya. A Holan kuwa, 'yan kaɗan da suka kuɓuce suka hayayyafa kusa da birnin Hague a 1967, daga nan zuriyarsu ta bi koguna ta malala Jamus da sauran maƙwabta, alhali a Masar kanta ta yi ƙaranci, in ban da can kudu wajen tafkin Nasar. Da koke ya yi yawa, na manoma a kan gonakinsu da na masu kishin tsuntsayen ƙasa a kan sheƙun da take ƙwacewa, sai Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2017, ta haramta saye da sayar da ita da hayayyafar da ita, ko da yake laifin, in za a yi adalci, na waɗanda suka ɗauko ta ne daga muhallinta don sha'awar ido. Wanda dokar ta tarar da tasa a gida an yi masa rangwame ya riƙe ta har ajalinta, bisa sharaɗin kada ta haihu, kada kuma ta kuɓuce.