Gona Ba Ta Ƙaruwa: Waiwaye Kan Tarihin Noma a Ƙasar Gude

Tarihin Gude, kamar na sauran garuruwan yammacin Kano, tarihin gona ne. Kakanninmu sun noma dawa da gero da wake a gona guda, suna kai toka da takin gida a bisa jakuna, suna kuma shiryawa da Fulani su sauke shanu a gona bayan girbi. Sukan bar gawo da ɗorawa da kuka tsaye a tsakiyar gona, domin sun san amfaninsu ga ƙasa da ga tukunya.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa, kuɗi ya shigo ƙauyuka, har aka yi dalar gyaɗa a birni. Sai dai ƙarancin ruwan daminar 1913 ya jawo yunwar Kakalaba a 1914. Haka nan farin 1972 zuwa 1974, da annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki. A duk lokacin da rumbu ya gaza kai iyali kaka, abu ɗaya ke biyo baya: a sayar da dabbobi, a jinginar da gona, matasa su tafi cin rani, a sa gatari a itatuwa domin sayar da itacen girki.

Gwamnatin Audu Bako ta fara gina madatsun ruwa, aka kammala Tiga a 1974. Yankinmu ya samu Guzuguzu da Magaga, sannan Challawa a ƙasar Karaye a 1992. Hukumar KNARDA ta baza malaman gona tun shekarun 1980.

Duk da haka, gonar da kaka ɗaya ya noma jiya, yau jikoki da dama ke rabonta ta hanyar gado, dajin da za a sheme kuwa ya ƙare. Mafita ita ce kowace kunya ta ba da fiye da yadda take bayarwa, ta hanyar ingantaccen iri, taki a kan lokaci da noman rani. Wanda gonarsa ta ciyar da shi ba ya sare ɗorawa.

Mu da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, buhun taki da muka aika gida kafin shuka ya fi buhun hatsi da za mu aika a tsakiyar damina. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.