Tarihin Cajin Mota: Daga Dainamo Zuwa Altaneta

Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa tsohuwar mota, domin ciwon nasu iri ɗaya ne. Sau nawa ka kawo mini waya kana cewa batir ya mutu, ashe wajen caji ne ya lalace? To haka abin yake a tsohuwar Fijo ko Volkswagen.

Batirin mota mai ruwan asid, wani Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Amma motocin farko da hannu ake murɗa su kafin su tashi, sai a 1912 Cadillac ta fito da kik na lantarki. Daga nan dole a samu abin da zai riƙa mayar wa batir wutar da kik ya sha, aikin dainamo ke nan. Matsalarsa, idan inji yana silo kusan ba ya caji. A 1960 Chrysler ta sa altaneta a motarta Valiant, shi kuwa ko a silo yana bayar da wuta. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, zamanin altaneta ya riga ya kankama.

Ga inda tarihin zai yi maka amfani. Ka san dabarar nan ta cire kan batir inji yana aiki, wai idan mota ba ta mutu ba to tana caji? Gadon zamanin dainamo ce. Altaneta yana da diyod a ciki, kana cire batir wuta za ta iya yin tsalle ta ƙone su. Ka je gwaji, ka dawo da asara.

Maimakon haka ɗauko mitar da muke gwada waya da ita. Mota a kashe, batir mai lafiya zai nuna kusan volt 12.6. Ka tayar da ita, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. Idan bai hau ba, duba fambel ko ya saki, ka goge farin garin da ke kan batir, ka ɗaure wayar da ta tafi jikin mota. In duk lafiya, sai ka nemi mai rewaya ya duba altaneta.

Kada ka sayi sabon batir sai mita ta yi magana. Allah Ya tsare mana aljihu.