Isawa: Masu Jiran Almasihu a Ƙasar Hausa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, tun da wannan fitowa ta mujallarmu ta faɗo a watan Disamba, na ga ya dace in ɗan taɓo wani tarihi da ba a koya mana a aji ba. Mu Kirista muna keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimati don tunawa da jiran zuwan Almasihu. A lokacin ne ake karanta mana annabcin Ishaya, a kuma tuna da tsoho Saminu da Hannatu, waɗanda suka tsufa a Haikalin Urushalima suna zuba ido. Da ina yaro na ɗauka irin wannan jira sai a ƙasar Yahudiya. Ashe an yi shi a nan gida.

A ƙarni na 13 na Hijira, zancen ƙarshen zamani ya cika ƙasar Hausa. Mutane suna sauraron bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa, har sai da Shehu Usmanu da kansa ya bayyana cewa shi ba Mahadi ba ne. Cikin wannan yanayi aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Isa ɗan Maryamu, ya riƙa fifita shi a wa'azinsa. Mabiyansa su ne ake kira Isawa. Hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen nan ba su da Linjila, ba su da majami'a, ba su taɓa ganin mai wa'azin bishara ba. Abin da suka riƙe kawai, bisa labarin da jikokinsu suka gada, shi ne wasiyyar malaminsu cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. Da wannan suka yi shekaru wajen arba'in, uba ya mutu ya bar wa ɗa. Ba na cewa su Kirista ne a lokacin, don su kansu ba su kira kansu haka ba. Amma jira kam sun yi shi.

A 1913 wasunsu suka iso gidan Likita Mila na mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Da yawa suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta.

To, a nan ne labarin ya yi ɗaci. Wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, manya da yara, har dole aka tashi aka bar wurin. Ku duba fa: mutum ya gaji alkawari daga kakansa, ya ga kamar ya cika a idonsa, sai ga shi yana haƙa kaburburan 'ya'yansa. Waɗansu suka koma garuruwansu. Waɗansu kuwa suka tsaya, kuma a ganina tsayawar nan ta fi jiran farko wuya.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawas da jar ƙasa, ginin Hausa sosai. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Daga wannan 'yar al'umma ta Wusasa aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.