Tallafin Man Fetur da Jayayyar Jam'iyyu a Nijeriya, 2012 zuwa 2024: Nazari a kan Hisabin Masu Mulki

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin jayayyar da jam'iyyun siyasar Nijeriya suka yi a kan tallafin man fetur a marhaloli uku, wato 2012 da 2016 da 2023, domin a gane ko muhawarar masu mulki da masu hamayya ta kai ga hisabi, ko kuwa ta tsaya ga zargin juna. An dogara ga matsayin da shugabanni suka bayyana a bainar jama'a da alƙaluman da hukumomi suka fitar. Abin da ya bayyana shi ne hujja tana bin kujera, kuma tambayar da ta fi cancantar amsa, wato nawa aka kashe da inda rarar ta tafi, babu ɓangaren da ya amsa ta amsa mai gamsarwa.

Muƙaddima

Malaman da suka tsara ladubban munazara sun sharɗanta cewa wanda ya yi da'awa shi ne nauyin kawo dalili ya rataya a wuyansa, kuma wanda ya bar matsayinsa a tsakiyar zance ya koma wani, wajibi ne ya bayyana abin da ya sa ya koma. Da wannan ma'auni za a auna jayayyar da muke magana a kanta, domin kuwa Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 14, ya sanya tsaron jama'a da jin daɗinsu su zama babbar manufar gwamnati, sa'an nan a sashe na 88 da na 89 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike don ta tono almubazzaranci da ha'inci a sarrafa dukiyar baitulmali. An zaɓi tallafin mai ne saboda babu wata manufa ta gwamnati da talaka yake jin raɗaɗinta nan take kamarta, tun daga kuɗin motar haya har zuwa farashin tiyar masara, kuma saboda manyan jam'iyyun biyu, PDP da APC, kowace ta riƙe mulki ta kuma zauna a hamayya a cikin muddar da ake nazari.

Marhalar 2012

Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta jam'iyyar PDP ta janye tallafi, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Hujjar gwamnati, wadda ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi suka tsaya wa, ita ce amfanin tallafin yana ƙarewa ne a aljihun dillalai da 'yan fasa-ƙwauri, kuma ƙasar da take cin bashi don ta biya shi tana jinginar da makomar 'ya'yanta ne. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, jama'a suka cika dandalin Ojota a Legas da shataletalen Silver Jubilee a Kano, har dai gwamnati ta ja da baya ranar 16 ga wata ta mayar da lita naira 97. Shugabannin hamayya suka goyi bayan jama'a: Bola Tinubu, jagoran jam'iyyar ACN a lokacin, ya yi rubutu yana cewa shugaban ƙasa ya warware alƙawarin da ke tsakaninsa da talakawa, Janar Muhammadu Buhari kuwa ya riga ya nuna shakkarsa a kan ko akwai tallafin ma a haƙiƙa.

A nan ne aka fi kusantar hisabi, kuma a nan ne ya fi muni da ya kuɓuce. Majalisar Wakilai ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farouk Lawan, ɗan majalisa daga Kano kuma ɗan jam'iyya mai mulki, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Afrilu, inda ya nuna cewa a 2011 an ware naira biliyan 245 a kasafin kuɗi domin tallafi amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2, kuma kamfanonin da aka yarje wa shigo da mai sun kai 140, alhali a 2008 ba su wuce 19 ba. Wannan rahoto, da a ce an bi shi sunan kamfani bayan sunan kamfani har gaban alƙali, da ya zama ginshiƙin da duk wata muhawara ta gaba za ta jingina da shi. Amma ba a yi watanni ba sai aka zargi shugaban kwamitin da karɓar dala dubu 500 daga attajiri Femi Otedola don ya cire sunan kamfaninsa daga rahoton, hankalin jama'a ya bar tiriliyoyin ya koma kan dubban, aka yi ta shari'a har 2021 kafin kotu ta same shi da laifi. Wanda ya yi binciken ya tafi kurkuku, kuma haƙƙinsa ne ya tafi, amma laifinsa bai soke alƙaluman da ke cikin rahoton ba, kuma waɗanda aka hukunta a cikin masu cin kuɗin tallafin ƙalilan ne ƙwarai.

Marhalar 2016

Da mulki ya koma hannun APC, jam'iyyar su Buhari da Tinubu, a watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta ɗaga lita daga naira 86.50 zuwa 145, waɗanda suka yi Allah wadai da irin wannan mataki shekaru huɗu baya suka zama masu kare shi, PDP kuma ta ɗauki hujjojin da aka jefe ta da su ta mayar wa masu su. Bayan haka tallafin ya dawo ta bayan gida, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, yana cire shi daga kuɗin ɗanyen mai kafin ya zuba saura a asusun tarayya, wanda hakan ya fitar da shi shekaru da dama daga abin da majalisa take tantancewa a kasafi. A 2022 kaɗai kamfanin ya ce ya kashe naira tiriliyan 4.39 a kansa.

Marhalar 2023

A yaƙin neman zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alƙawarin cire tallafi, kuma kasafin da Buhari ya bari ya tanadi kuɗinsa ne zuwa watan Yuni kaɗai. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwarsa, Shugaba Tinubu ya shelanta cewa tallafi ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta haura naira 500 a Abuja da arewa, kuma da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni sai tsada ta hau kan tsada, har hauhawar farashi, bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta tashi daga kashi 22.41 cikin ɗari a Mayun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024, lokacin da lita ta riga ta wuce naira 1,000. Raɗaɗin bai tsaya a iyaka ba, domin 'yan bumburutun Maraɗi da Birnin Ƙonni, waɗanda suka saba jera kwalabe da jarkoki na man Nijeriya a bakin titi, su ma sai da kasuwarsu ta girgiza, abin da ya tabbatar da cewa wani kaso na tallafin a ƙetare ake shan sa.

Tun daga nan jayayyar ta koma kan salo. Masu mulki suna cewa sun gaji baitulmali a bushe kuma sun yi abin da magabatansu suka ji tsoro, masu hamayya suna cewa an yi gaggawa ba tare da tanadin sassauci ba. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Amma duk wanda ya saurari shirye-shiryen siyasa na dare a gidajen rediyon Kano, inda sojojin baka suke karɓar makirufo ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna wa wancan abin da ubangidansa ya faɗa a 2012, wancan ya rama da abin da aka yi a 2016, zai lura cewa ana iya cinye shirin gaba ɗaya ba a ambaci lita nawa ƙasar take sha a yini ba, balle nawa jihar ta karɓa daga Abuja a watan da ya wuce. Kayode Fayemi, wanda yake gwamnan Ekiti a ACN a 2012, ya faɗa a wani taro a Abuja a watan Satumbar 2023, a gaban Jonathan, cewa hamayyar da suka yi a wancan lokaci siyasa ce kurum, alhali sun san gaskiya. Wannan iƙirari abin yabo ne ta fuskar faɗin gaskiya, amma ya kamata a tuna cewa an rasa rayuka a zanga-zangar 2012, kuma waɗanda suka fita ba su san wasa ake yi da su ba.

Tattaunawa

Sauya ra'ayi a kan kansa ba aibi ba ne ga mai mulki, domin manyan malaman fiƙihu ma an san su da tsohon ƙauli da sabon ƙauli, sai dai su sun kasance suna bayyana dalilin da ya sauya ijtihadinsu. Aibin da wannan nazari ya gano ya fi wannan zurfi. Kuɗin da aka ce an tsimi daga tallafi asusun tarayya suke shiga, a raba su tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma gwamnonin kowace jam'iyya suna cikin masu karɓa. Saboda haka jam'iyyar da take hamayya a Abuja ita ce mai mulki a wata jiha, kuma ba ta da sha'awar a kafa al'adar tambaya wadda gobe za ta juyo kanta. Wannan ne, a ganin marubucin, ya sa muhawarar take zafi a kan mutane ta yi sanyi a kan lissafi. Ko a matakin tarayya, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna a 2024 cewa tallafin ya dawo a ɓoye, sa'an nan Bankin Duniya ya bayyana a Mayun 2025 cewa rabin rarar kaɗai NNPC yake zubawa a asusun tarayya, sauran yana biyan tsofaffin basussuka da shi; abin takaici ne ƙwarai a ce irin wannan bayani daga baƙi al'umma take fara jin sa, ba daga wakilanta ba.

Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, domin idan ranar hisabi ta zo a sami abin da za a gwada da shi, kuma kayan aikin irin wannan hisabi suna nan a dokokin Nijeriya: ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, da kwamitocin asusun jama'a na majalisu, da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce. Saboda haka muna kira ga malaman jami'o'i da 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago da su nemi kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulkinta, ta wallafa abin da ta karɓa daga asusun tarayya wata bayan wata tun daga Yunin 2023, da abin da ta yi da shi, kuma su sanya wannan takarda a gaban duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a 2027.