Haraji, Tallafi da Jam'iyya ta Uku: Gardamar Amurkawa daga 1935 zuwa 1996

Ran 22 ga Agusta, 1996, shugaban Amurka Bil Kilinton ya sa hannu a kan wata doka wadda ta rushe tsarin taimakon matalauta da ƙasar ta yi shekara 61 tana bi. Sunan dokar ma kansa gardama ne, gama an kira ta dokar ɗaukar nauyin kai da samun zarafin aiki. Wato masu rubuta ta suna cewa ne tsohon tsarin ya koya wa mutane zaman jira. Manyan ma'aikata uku na gwamnatin Kilinton suka ajiye aiki domin baƙin cikin wannan doka. In mai karatu yana so ya gane abin da ya kai su ga haka, sai mu koma baya tukuna.

A 1929 kasuwar Amurka ta karye. Kafin 1933 mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin jinƙai da hukumomin gari, waɗanda a dā su ne suke ciyar da matalauta, abin ya fi ƙarfinsu. Sai a 1935 shugaba Ruzbelt ya kafa dokar fanshon tsofaffi da taimakon marasa aiki. A cikinta akwai wani ɗan sashe domin yaran da ubansu ya mutu, ko ya gudu, ko ya naƙasa. Gwauraye da marayu ne suke cikin zuciyar masu yin dokar, nufinsu kuwa shi ne uwa ta zauna gida ta yi renon ƴaƴanta. Abin lura ke nan: a 1935 ana ba mace kuɗi domin kada ta fita aiki, a 1996 kuwa laifinta shi ne ba ta fita ba.

Da fari ba kowa yake samu ba. A jihohin kudu ma'aikata sukan kori baƙaƙen mata da hujjar wai gidansu bai dace ba, ko an ga namiji yana shiga. Shugaba Jonson ya yi shelar yaƙi da talauci a 1964, Kotun Ƙoli kuma ta soke ka'idar nan ta ganin namiji a gida a 1968. Ƙofa ta buɗe. Masu karɓa suka tashi daga wajen miliyan 3 a 1960 zuwa wajen miliyan 11 a 1975, yawancinsu kuwa yara ne. Iyayensu mata ba gwauraye ba ne kuma, galibi sakakku ne ko waɗanda ba su taɓa aure ba. Daga nan zuciyar masu biyan haraji ta fara juyawa.

Ba na jin daidai ne a ce masu sukan nan marasa tausayi ne dukansu. Akwai tarko na gaske cikin tsarin. In uwa ta sami aikin shara ko wanke-wanke, kusan duk dalar da ta samu akan zare ta daga tallafinta, ta kuma iya rasa takardar maganin kyauta ta ƴaƴanta, ga kuɗin mota, ga kuɗin mai reno. A jihohi da yawa, in uba yana gida, iyalin ba su samun kome ko da ba shi da aiki. To, wace uwa mai hankali ce ba za ta yi lissafi ba? A 1984 wani marubuci, Charles Murray, ya fitar da littafi yana cewa taimakon ne yake ƙara talaucin, a soke shi ɗungum. Kafin wannan, a yawon neman zaɓe na 1976, Ronal Regan ya yi ta ba da labarin wata mace a Cikago mai karɓar tallafi da sunaye barkatai. Matar ta gaske ce, mazambaciya ce kuwa, amma an ɗauki zunubin mutum ɗaya an shafa wa miliyoyi.

Malamai biyu na jami'ar Habad, Mary Jo Bane da David Ellwood, suka bincika, suka tarar kowane gefe yana riƙe da rabin gaskiya. Wajen rabin masu shiga tallafi sukan fita cikin shekara biyu, duk da haka in ka ƙirga masu karɓa a rana guda, masu daɗewa ne suka fi yawa. Kamar asibiti ne: yawancin masu kwanciya kwana kaɗan suke yi, amma in ka zaga ɗakin yau, masu doguwar jinya ne za ka tarar a kan gadaje da yawa.

Batun haraji kuwa, wanda mu nan muke ce wa lanho, yana da nasa abin mamaki. Kuɗin tallafin nan bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya take kashewa ba. Manyan masu cin kuɗi su ne fanshon tsofaffi da maganinsu, da soja, da ruwan bashi, amma ba ɗan siyasar da yake so ya taɓa tsofaffi, gama su ba su fashin zaɓe. A 1978 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka rage harajin gidaje. Regan ya hau mulki a 1981, ya sauke harajin masu babban samu daga kashi 70 har ya kai 28, amma kashe kuɗi bai sauka ba, bashin ƙasa ya kusa ninka uku a zamaninsa. Magajinsa Joj Bush ya yi alkawari a gaban jama'a a 1988 cewa ba zai ƙara haraji ba. A 1990 ya ƙara.

Cikin wannan fushi ne Ross Perot ya fito, wani attajirin Teksas mai sana'ar kwamfuta. A Fabrairu 1992 ya ce zai tsaya takara in jama'a suka sa sunansa a takardar zaɓe a jihohi 50 duka, suka kuwa sa. Yakan sayi rabin awa a talabijin da kuɗin aljihunsa, ya zauna da alluna yana nuna bashin ƙasa, wanda ya kai dala tiriliyan 4, kamar malamin firamare. Bai yi wa kowa daɗin baki ba, har ya ce a ƙara harajin fetur. A watan Yuni ya sha gaban Bush da Kilinton a waɗansu ƙididdigar ra'ayi, sai a Yuli ya janye ba zato, ya komo a Oktoba. Duk da wannan tangal-tangal ya sami ƙuri'a kusan miliyan 20, wato kashi 19 cikin 100.

Amma ko wakili ɗaya bai samu ba cikin wakilai 538 masu zaɓen shugaba. A Amurka ba zagaye na biyu irin wanda muka sani a tsarin Faransa, inda ƙaramar jam'iyya takan yi ciniki da ƙuri'unta. A kusan kowace jiha, wanda ya zo na fari shi yake kwashe wakilan duka. Saboda haka mai zaɓe yakan ji tsoron zubar da ƙuri'arsa, ya koma wa Dimokurat ko Rifablikan yana gunaguni. Perot ya kafa Jam'iyyar Gyara a 1995, aka hana shi shiga muhawarar ƴan takara a 1996, ya sami kashi 8. Jam'iyyar ta ci kujerar gwamnan Minesota a 1998, daga baya rigimar cikin gida ta cinye ta. Ƴan Libatariyan, masu son a rage gwamnati da haraji ƙwarai, suna nan tun 1971, mafi yawan abin da suka taɓa samu a zaɓen shugaba kuwa kashi 3 ne da ɗan kai, a 2016.

Manyan jam'iyyun biyu dai sun ji kiran. Kilinton, da yake ɗan Dimokurat ne, ya ƙara harajin masu arziki a 1993, ya kuma faɗaɗa rangwamen haraji ga ma'aikata matalauta. Ƴan Rifablikan suka ƙwace majalisar wakilai a 1994 bayan shekara 40, a lokacin da masu karɓar tallafi suka kai miliyan 14. Sau biyu suka kawo doka Kilinton ya ƙi, ta ukun ya sa hannu ana saura ƴan watanni zaɓe. Sabuwar dokar ta ce mutum ba zai ci tallafin tarayya fiye da shekara 5 ba duk rayuwarsa, dole kuma ya kama aiki cikin shekara 2. Aka yanka wa jihohi dala biliyan 16 da rabi a shekara su sarrafa da kansu. Bishop-bishop na Katolika sun yi tsayayya, musamman da shawarar hana ƙarin kuɗi ga jaririn da aka haifa cikin tallafi, suna tsoron za ta tura mata ga zubar da ciki. A ƙarshe aka bar wa kowace jiha ta zaɓa. Dokar kuma ta buɗe wa ikilisiyoyi hanyar karɓar kuɗin gwamnati su yi hidimar matalauta, Mary Jo Bane kuwa tana cikin mutum ukun da suka ajiye aiki.

Kafin shekara ta 2000 masu karɓa sun ragu fiye da rabi, iyaye mata da yawa sun shiga aiki, talaucin yara ya sauka. Sai dai a shekarun nan kasuwa tana ci, aiki yana neman mai yi, don haka har yau ana musu a kan rabon dokar cikin wannan nasara. Kuɗin da aka yanka a 1996 ba a ƙara shi ba, tsadar kaya ta cinye babban rabonsa. A 1996, iyali 68 cikin kowane 100 na matalauta masu yara suna samun tallafin, a 2020 kuwa wajen 21 ne. A wannan shekarar ce mai binciken kuɗi na jihar Misisifi, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci, ya tona cewa miliyoyin daloli na wannan asusu sun tafi hannun masu hanya, har da ginin ɗakin wasan ƙwallo a wata jami'a.