Shokozobar babur

Shokozoba ita ce ɓangaren babur da ke haɗa tayoyi da gangar jiki, wadda ke shanye bugun hanya, ta kuma riƙe taya manne da ƙasa. Mutane da yawa na ɗaukar aikinta jin daɗin mazauni ne kawai, alhali babban aikinta tsaro ne: tayar da ke tsalle ba ta kama birki, ba ta kuma riƙe kwana. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma kamar sifirin da birki, Hausa ta cusa wasula tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe don kalmar ta dace da tsarin gaɓarta. Makanikai kan gajarta ta su ce shok.

Yadda take aiki

Abubuwa biyu ne ke aiki tare. Na farko sifirin, wanda ke ɗaukar nauyin babur da mahayi. Sifirin shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin idan aka danne shi aka saki sai ya yi ta lilo. Na biyu shi ne bututun mai: akwai fistin a ciki da ke tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke kashe lilon, ta mayar da ƙarfin bugun zafi. Ana bambanta saurin nutsewa, wato lokacin da taya ta hau tudu, da saurin dawowa bayan an wuce shi.

A gaba, yawancin babura na da ƙafafu biyu masu shiga cikin juna. Kamfanin BMW na Jamus ya fitar da irin wannan mai aiki da mai a samfurin R12 a shekarar 1935. A baya kuwa, ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng na da shok biyu, ɗaya a kowane gefe, yayin da manya ke da guda ɗaya a tsakiya, tsarin da Yamaha ta yaɗa a shekarun 1970 ta hanyar baburan tsere a ƙasa. A na baya ana matsa iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa.

Baburan gudu da dogon zango

Akwai ajin manyan babura da aka ƙera don su haɗa gudun babur ɗin tsere da sauƙin zama na doguwar tafiya. A Najeriya ana haɗa su da sauran manyan babura a kira su fawa-bayik. Ana yawan ambaton BMW R100RS na 1976 a matsayin mafarin ajin. Bayansa aka sami Kawasaki GTR1000 da Honda VFR750F a 1986, Honda ST1100 a 1990, VFR800 a 1998, da Yamaha FJR1300 a 2001.

Waɗannan babura na da nauyi. FJR1300 ya kusa kilo 290 idan tankinsa cike yake, fiye da ninki biyu na Boxer. Shokozobarsu gajeriyar tafiya gare ta, galibi milimita 120 zuwa 140, kuma tsakanin cikinsu da ƙasa bai cika wuce milimita 140 ba. Wilinsu galibi inci 17 ne na zubin alminiyam, taya kuma marar kauri a gefe. An yi duk wannan ne da tunanin kwalta mai santsi. Idan aka kwatanta, Honda Africa Twin, wanda aka yi don burji, shok ɗinsa na gaba na tafiyar milimita 230, wilin gaba kuma inci 21.

A birnin Zariya

Zariya na nuna iyakar wannan ƙira a fili, domin mai babur ɗaya na iya haɗuwa da hanyoyi iri biyu a cikin sa'a guda. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, wadda aka fara sake ginawa a 2018, ita ce irin hanyar da aka ƙera babur ɗin dominta. Da zarar an shiga cikin ganuwa ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, aka bar manyan titunan da ke bi ta Babban Dodo da fadar Sarkin Zazzau, sai lunguna: ƙunci, kwatoci da ke ratsa hanya, dakalai, da ƙasar da ruwan damina ke zaizayewa. A nan ƙaramin babur ya fi babba. Ba shi da nauyi, cikinsa na nesa da ƙasa, kuma idan ya maƙale mutum ɗaya zai ɗaga shi.

Yanayi ma na da nasa tasirin. Ƙurar hunturu na manne wa sandunan gaba, ta cinye robar da ke tare mai, wadda makanikai ke kira oyilsil. Zafin Maris da Afirilu na tsinka mai, kuma man da ya tsinke ba ya riƙe lilo sosai. Da damina ruwa na ɓoye zurfin rami, wanda ke iya lanƙwasa wilin alminiyam ko ya tsaga shi.

Ko tana buƙatar canji

Wannan ita ce tambayar da masu manyan babura suka fi yi, kuma sau da yawa ana yin ta kafin lokacinta. Da yawa daga manyan baburan da ke yawo a ƙasar na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, Amurka ko Japan. VFR800 na farko ya haura shekara 25. Abin da mai shi ke ji a matsayin raunin ƙira sau da yawa tsufa ne kawai: man da ya daɗe ba a canza ba, iskar shok ɗin baya da ta zurare, ko boris ɗin mahaɗar baya da ya bushe. Ba a yanke wa shokozoba hukunci sai an yi mata sabis, an kuma duba iskar taya, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska na kawo alamu iri ɗaya.

Alamun lalacewa sanannu ne. Gaba na nutsewa sosai idan an kama birki. Baya na lilo sau biyu ko uku bayan an tsallake tudun rage gudu. Babur na rawa a doguwar kwana. Taya na cinyewa tudu da kwari. Mafi haɗari shi ne mai da ke tsiyaya a ƙafar gaba, saboda yana gangarawa kan faifan birki.

Bayan sabis sai awo. Ana ɗaga tayar baya daga ƙasa a auna daga tsakiyar wili zuwa wani wuri a jikin babur da ke sama da shi. Sai a sauke, mahayi ya zauna da kayan da ya saba ɗauka, wani ya riƙe masa babur, a sake aunawa. Bambancin da ake nema kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku ne na dukan tafiyar shok, wato milimita 30 zuwa 40 a irin waɗannan babura. Haka ake yi a gaba. Idan nutsewar ta wuce haka, ana ƙara ɗaurin sifirin da zoben da ke kansa ko da maɓallin juyawa da wasu samfura ke da shi.

Akwai kuskuren fahimta a nan da ya yaɗu har tsakanin masu gyara. Ƙara ɗauri ba ya sa sifirin ya yi tauri. Yana ɗaga babur ne kawai. Idan an ɗaure har ƙarshe kuma nutsewar ba ta daidaita ba, to sifirin ya yi wa nauyin laushi, kuma a nan ne canji ya zama dole. Hakan na faruwa ga mai jiki, da mai yawan goyo da kaya zuwa Kano ko Abuja. Sifirin da ya dace da nauyi, tare da sabon mai, shi ne gyara mafi araha, kuma shi ya fi sauya halin babur. Man ma na da kauri daban-daban, kamar 5W, 10W da 15W. Baƙin man inji da wasu ke zubawa a madadinsa ba don wannan aiki aka yi shi ba.

Sayen sabon shok gaba ɗaya, daga kamfanoni irin su Öhlins na Suwidin, wanda aka kafa a 1976, ko YSS na Tailan, na da ma'ana idan na asali ya mutu kuma irin wanda ba a buɗewa ne. Amfaninsa shi ne ana iya saita nutsewa da dawowa daban-daban, ana kuma iya sabunta shi. Sai dai da kuɗin waje ake sayensa, kuma sabis ɗinsa na buƙatar naitirojin da kayan aiki na musamman, waɗanda ba kowane gareji ke da su ba.

Abin da canji ba ya gyarawa

Sabon shok ba ya ƙara tsawon tafiyar taya yadda za a ji, ba ya rage nauyi, ba ya kuma faɗaɗa juyin kan babur, wanda shi ne ke wahalar da mahayi a lungu. Wasu kan rage tsayin babur don ƙafarsu ta kai ƙasa. A birni mai kwatoci wannan na sa salansa da cikin inji su riƙa gogar ƙasa. Wanda yawancin tafiyarsa a cikin ganuwa take ko a burjin ƙauyukan Giwa da Soba, matsalarsa ajin babur ce, ba shok ba, shi ya sa masu hali kan ajiye ƙarami don zirga-zirgar gari, su bar babban don babbar hanya.