Daga Kwalejin Katsina Zuwa Gindin Darbejiya: Yadda Aka Koya Mana Turanci

Kwanakin baya ɗana ya kunna mini, a wayarsa, jawabin da marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cikin watan Oktoba na 1960. Da muka gama saurare sai ya dube ni ya ce, "Baba, wai wannan a Ingila ya tashi?" Na ce ina! A ƙasar Bauci aka haife shi, kuma bai je karatu Landan ba sai 1945, ya riga ya ba shekara talatin baya. Turancin nan da ka ji, a Katsina ya koyo shi. Yaron bai ce komai ba, amma na ga alamar tambaya a fuskarsa: to mu me ya same mu? Ni kuwa da na shafe kusan shekara talatin da alli a hannu ina koyar da wannan harshe, tambayar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, karatun boko a Arewa ba da Turanci ya fara ba. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake koyarwa. Haka aka ci gaba a makarantun elemantare, yaro ya yi karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da yake mafarki da shi, sai ya shiga Midil sannan a sa shi gaba da Turanci gadan-gadan. Ba don ƙaunarmu kaɗai Turawa suka yi haka ba. Suna tsoron kada Arewa ta cika da 'yan boko masu baki irin na Ikko, masu rubuta ƙorafi a jarida. Niyyar dai ba mai kyau ba ce, amma ta haifar da wani abu mai amfani: duk yaron da ya zo gaban malamin Turanci ya riga ya san mene ne karatu. Yawancinsu ma sun biyo ta makarantar allo, kunnensu ya saba da tsare harafi da wasali, sun san in ka ja inda ba a ja za a mayar da kai baya.

Irin waɗannan yara aka tsamo aka kai Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921. Sardauna Ahmadu Bello ya shige ta a 1926, Abubakar Imam a 1927, Tafawa Ɓalewa a 1928. Shekara biyar ake yi, ɗalibai 'yan ƙalilan, ga malamai Turawa tare da su a aji, tare da su a filin wasa. Furuci shi ne abin da aka fi ba ƙarfi. Mai karatu ya tuna, Hausa wasali biyar gare ta, kowane da dogo da gajere, Turanci kuwa sautukan wasalinsa sun kai wajen ashirin. Sannan harshenmu ba ya son baƙi biyu su taru a farkon kalma, shi ya sa muka ce burodi, muka ce sukurudireba. Ga kuma rikicin "p" da "f" da har gobe ake tsokanarmu da shi. Gyara wannan ba aikin bulala ba ne, aiki ne na zama da yaro ɗaya ɗaya, a faɗa ya maimaita, a sake faɗa. Katsina tana da malamai da lokacin yin haka. Kuma abin sha'awa, waɗannan da suka fi kowa Turanci su ne suka ba mu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar bayan gasar rubutu ta 1933. Ashe Turancin bai cinye musu Hausa ba.

A can waje ma masana suna ta gwaje-gwaje. Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal ta ƙasar Indiya, ya ce a fara da karatu, a taƙaita kalmomi, kada a zuba wa yaro sabuwar kalma sai ya sha tsohuwar. Harold Palmer da A.S. Hornby kuwa baki suka sa a gaba: malam ya ɗaga abu, ya faɗi sunansa cikin jimla, yara su amsa, ba fassara. Daga gare su ne jadawalin nan ya yaɗu, wanda ake zana gida uku ko huɗu a allo, ka ɗauki kalma a kowane gida ka ƙulla jimla.

Bayan samun 'yancin kai sai ra'ayi ya juya. Ana neman ma'aikata da gaggawa, ana ganin Kudu ta yi nisa, sai aka ce a fara Turanci tun daga aji ɗaya. Littattafan da aka kira Straight for English sunansu ma ya faɗi manufar. Da aka zo 1976, gwamnatin Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, ni ina cikin waɗanda suka kwarara ciki. A gindin darbejiya muka fara, mun fi ƙarfin a ƙirga mu da ido, malaminmu kuwa saurayi ne da aka yi wa horon gaggawa. Allah Ya saka masa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Zai ɗaga biro ya yi magana, mu ɗauka baki ɗaya kamar masu tilawa, muryarmu har kasuwa. Na yi wata da watanni ina rera jimlar nan da daɗi, ina zaton duk tsawonta sunan biro ne da Turanci.

Ga kuma dokar banakula. Monita yana da takarda, duk wanda ya ji ya yi Hausa sai ya rubuta sunansa, ranar Juma'a a biya kwabo biyu ko a miƙa hannu. Abin da dokar ta koya mana shi ne yin shiru. Akwai wata yarinya a ajinmu, in an tashi tara duk ita ke ba mu tatsuniya a bayan aji, amma a gaban malam ban taɓa jin muryarta ba har aka cire ta a aji huɗu. Wato mun kwaso haramcin Hausa, mun baro abin da ya sa Turancin Katsina ya tsaya da ƙafarsa.

Abin takaici, ba a rasa hujja ba a lokacin. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara komai da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a yi shekarun farko na firamare da harshen gida. Sai dai takardar ba ta zo da littafi ba, ba ta zo da malami ba. A 2022 aka ƙara wa'adin zuwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma aka soke, aka ce a koma Turanci tun daga tushe.

Ni dai a aji, abin da ya fi yi mini aiki ba daga kwalejin horon malamai na samo shi ba. A zauren wani malamin unguwarmu na gan shi, inda ake karanta littafin fiƙihu: ya karanto Larabci gaɓa gaɓa, ya fassara da Hausa, almajiri ya maimaita, gobe ya kawo. Da wannan hanya aka yi malaman da suka rubuta littattafai da Larabci a Sakkwato da Kano ba su taɓa ganin Misira ba. Tana da nata aibin, ba ta sakin baki da wuri. Sai na gauraya: in karanta ɗan labari da Turanci, in bar yara su faɗa mini da Hausa abin da suka gane, sannan mu koma jadawalin Hornby mu yi ta juya jimlolin har su zauna. Wani sufeto ya taɓa samuna ina haka, ya rubuta a rahotonsa cewa ina ɓata darasi da banakula. Da zai tafi sai ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko ina yin lasin da yamma, yana da yara biyu.